Yadda masu haɗa manhaja ke maganin tagogin ba-zata yayin gwaji

Kafin manhajar sayen data ko ta tura kuɗi ta iso wayarka, sai an gwada ta sau ɗaruruwa, kuma galibi ba hannun mutum ke yin gwajin ba. Ana rubuta jerin umarni, ko a naɗi latse-latsen wani a kan allo, sannan a bar kwamfuta ta riƙa maimaitawa: buɗe manhaja, shigar da lamba, latsa Tura, duba ko saƙon nasara ya fito. Selenium, wadda Jason Huggins ya fara a kamfanin ThoughtWorks a 2004, ita ta yi fice a gwajin shafukan intanet. A ɓangaren waya kuma akwai Appium. Duka biyun kyauta ne, shi ya sa matashin da ke koyon sana'ar a Barnawa, unguwar da cibiyar CoLab take tun 2016, zai iya fara aiki da su da kwamfuta ɗaya da wayar hannunsa.

Matsalar ita ce wannan mai gwajin makaho ne. Abin da aka karanta masa kaɗai ya sani. Idan wata taga ta faɗo ta rufe madannin da yake nema, sai ya tsaya yana lalube har lokacin da aka ɗibar masa ya ƙare, ya rubuta cewa manhaja ta faɗi, alhali lafiyarta ƙalau.

Wasu tagogin daga babbar manhajar wayar suke. Tun daga Android 6.0 a 2015, ana neman izinin kyamara ko wurin da kake ne a lokacin da buƙata ta taso, ba lokacin saukewa ba. Android 13 a 2022 ta ƙara neman izinin aiko sanarwa. Waɗannan da sauƙi, domin an san da zuwansu: Appium na da zaɓin autoGrantPermissions da ke ba da izinin tun wajen girkawa. Gargaɗin ƙarancin caji kuwa, idan an ɗauke wuta ana tsaka da gwajin dare, maganinsa inbata ko fawa banki.

Wanda ya fi cizo a nan Najeriya shi ne saƙon da ke fitowa daga layin waya. Duk mai riƙe da waya ya san shi: yana mamaye allo ba tare da ya shiga akwatin saƙonni ba, wani lokaci da tallar waƙar kira ko wasan tambayoyi, da madannai biyu, na amincewa da na sokewa. Sabon shiga yakan gaji ya rubuta doka ɗaya: duk inda aka ga OK, a latsa. Gwaji ya wuce, amma washegari katin da ke layin ya ragu, an yi rajistar abin da ba wanda ya nema. Wannan ƙaramar asara ce. Babbar ita ce ranar da tagar ta fito daga manhajar kanta, tana cewa kuɗi bai tafi ba, ko tana tambaya a sake turawa. Dokar nan za ta latsa ta wuce, rahoto ya fito kore shar, kuskuren kuma ya bi manhajar har wayar mai shago a kasuwar Barnawa da ke jiran alat ɗin kwastoma.

Don haka aikin farko ba na rubutu ba ne, na shirya waya ne. A cire layi a yi amfani da Wi-Fi. Idan dole sai da layin, a tura STOP zuwa 2442, lambar da hukumar sadarwa ta NCC ta ware don toshe saƙonnin talla. A kashe sabuntawa ta kai tsaye.

Sai kuma mai gadi. A UI Automator na Google akwai UiWatcher, wanda ake tayarwa idan an nemi wani abu a allo ba a same shi ba. Yakan duba ko wata sananniyar taga ce ta tare hanya, ya rufe ta, a sake nema. Playwright ta kawo makamancinsa, addLocatorHandler, a 2024. Masu amfani da Espresso su lura cewa cikin manhajarsu kawai take gani, tagar izini ba ta hurumin ta, sai an haɗa da UI Automator.

Ƙa'idar mai gadi nagari: tagar da aka sani, a rufe ta da sokewa, a rubuta cewa ta fito. Wadda ba a sani ba, a ɗauki hoton allo a tsayar da gwajin, mutum ya zo ya gani da idonsa. Tsarin WebDriver da Selenium ke bi ma haka yake yi da akwatin gargaɗin burauza idan ba a ba shi wani umarni ba: ya kore shi, sannan ya kai rahoto. Dabarar cusa jiran daƙiƙa biyar ko'ina kuwa ɓata lokaci ce, domin taga ba ta da agogo.

Kuma kada ba da izini tun farko ya sa a manta da mai wayar da zai latsa ƙin amincewa. A ware gwaji ɗaya na musamman dominsa, a ga ko manhajar za ta yi masa bayani ko za ta mutu. A yi shi a kan Tecno ko Infinix ta gaske, ba wayar kwaikwayo ta cikin kwamfuta kaɗai ba, saboda HiOS da XOS suna da nasu tagogin. A nemo madanni da lambar shaidarsa ta cikin manhaja, ba da rubutun da ke kansa ba, don kalmar Allow takan sauya da zarar an mayar da harshen wayar Faransanci, kamar yadda wasu masu waya a Maraɗi suke yi.