A Buɗe Wa Dattawanmu Filayen Makarantu

A hutun da ya wuce na je Gaya gaida kawuna, tsohon malamin firamare da hawan jini ya matsa wa. Likita ya ce lallai ya riƙa tattaki kullum. Da na tambaye shi ko yana yi, sai ya yi murmushi ya ce: “Ɗana, a ina? A bakin titi babura su kwashe ni, ko a hanyar gona rairayi ya kayar da ni?” Alhali ga fili shimfiɗaɗɗe a makarantar da ke bayan gidansa, amma da zarar an tashi yara sai a garƙame ƙofa.

Matsalar ba ta kawuna kaɗai ba ce. A da, noma da cin kasuwa a ƙafa sun wadatar da mutanen Gaya da Ajingi wajen motsa jiki. Yau babur ya ɗauke wa mutane tafiya, ’yan fansho da masu tsaron kanti kuwa a zaune suke wuni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin sa’a sau biyar. Kewayen cikakken filin ƙwallo ya kusa mita 350, saboda haka zagaye shida ya kai kilomita 2, ba tare da an kashe ko sisi ba.

Ban manta da dalilin rufe ƙofofin ba. A watan Fabrairun 2021, lokacin da aka sace ɗalibai a Kagara da Jangebe, gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana goma na wani lokaci, ciki har da makarantar kimiyya ta Maitama Sule da ke Gaya da sakandaren gwamnati ta Ajingi. Tsoron iyaye gaskiya ne. Shi ya sa ban ce a taɓa makarantun kwana ba. Maganata a kan makarantun jeka-ka-dawo ce, waɗanda ba kowa a cikinsu daga La’asar har wayewar gari.

Kuma wanda ya san karkara ya san makomar filin da ba a kula da shi: awaki su shiga, a zubar da shara, wani ya yi bahaya a bayan aji, wani ma ya ci iyaka. Idon dattawan unguwa kansa gadi ne.

Tsarin ba wuya. Kwamitin kula da makaranta ya zauna da shugaban makaranta da mai unguwa su tsayar da lokaci: maza bayan sallar Asuba kafin yara su iso, mata kuwa bayan La’asar, su kaɗai, tunda su ne suka fi rashin wurin fita. A rubuta sunayen masu zuwa a wurin mai gadi. A shata hanya a gefen katanga, masu tattakin su dasa darbejiya su kuma riƙa ba ta ruwa.

Ina kira ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin biyu da su gwada wannan a makaranta ɗaya tak, na zango ɗaya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kawuna ya shekara talatin yana koyar da ’ya’yan mutane. Ba laifi ba ne yau makaranta ta ara masa gefen filinta.