Zancen Kyanwa

Lalle duk wanda ya yi nazarin al'amarin kyanwa cikin natsuwa zai tabbata Allah bai bar ta bebiya ba, domin idan ta nufo ka da wutsiya a miƙe sama, sallama ce ta yi. In ta lumshe maka ido a hankali, aminci ta bayyana. In kuwa ta kwantar da kunnuwa, ta yi doro, gashi ya tashi, to hattara. Abin al'ajabi, manyan kyanwoyi ba safai suke yi wa juna kukan "miyau" ba, galibi ɗan Adam suke kira da shi. Gurnanin nan da muke ɗauka alamar jin daɗi kuwa, mai jinya ma tana yin sa, saboda haka wajibi ne a riƙa duba lafiyarta.