Tekzas: bindiga a ƙugu, ba karatu ba jarrabawa

A jihar Tekzas, kudancin ƙasar Amurka, ba abin mamaki ba ne a tarar da mutum yana sayayya cikin kanti, ƙaramar bindiga na rataye a ƙugunsa, kowa na gani. Tun ranar 1 ga watan Satumba na shekarar 2021, duk wanda ya kai shekara 21, in dai doka ba ta haramta masa mallakar makami ba, yana da ikon fita da ita haka nan, ko da jiya ya saye ta, ko da bai taɓa harba harsashi ɗaya ba.

Can da, sai da takardar izni. Mai neman ta zai zauna aji na awa 4 zuwa 6, a koya masa dokokin riƙon makami da hanyoyin kashe fitina da baki. Daga nan ya yi jarrabawa a rubuce, a ɗauki zanen yatsunsa, sa'an nan ya harba harsashi 50 a gaban malami. Dokar da gomna Greg Abbott ya sa wa hannu a watan Yuni na 2021 ta mai da wannan duka ganin dama. Takardar tana nan, amma ba tilas.

Masu goyon bayan dokar suna kafa hujja da gyaran fuska na biyu na tsarin mulkin ƙasar, wanda aka amince da shi tun 1791, ya kuma ba ƴan ƙasa ƴancin riƙe makami. A ganinsu, ƴanci ba ya jiran jarrabawa, kuma kuɗin karatun talaka suke dannewa, alhali ɓarawo bai taɓa neman iznin kowa ba. Ra'ayin nan ya yi ƙarfi: jihar Alaska ta soke tilascin takarda a 2003, Arizona a 2010, kuma ya zuwa 2024 jihohi 29 cikin 50 sun bi sahu.

Amma shugabannin ƴan sanda na manyan biranen Tekzas sun yi adawa da dokar. A duba abin da ya wakana a birnin Dalas ranar 7 ga Yuli 2016. A daren nan, ana cikin zanga-zangar lumana, wani tsohon soja ya buɗe wuta, ya kashe ƴan sanda 5. Cikin masu zanga-zangar akwai mutum 20 zuwa 30 rataye da manyan bindigogi, abin da doka ta yarje musu. Da harbi ya tashi, kowa ya yi ta kansa, ƴan sanda suka rasa gane mai laifi da mai gudun tsira. Har suka baza hoton wani bawan Allah a matsayin wanda ake nema, alhali tuni ya miƙa bindigarsa ga wani ɗan sanda. Shugabansu, David Brown, ya fito fili ya ce riƙon makami a bainar jama'a ya ƙara musu wahalar aiki.

In har ƙwararru sun ruɗe haka, ina ga sabon shiga? Bindigar da ke bayyane tana jan ido. Mai neman ƙwace ta ya gan ta, mai neman tsokana ma ya gan ta. Wanda aka horar ya san yadda zai kare ta daga hannun wani, ya san kada yatsa ya kusanci kunama sai ya yi niyyar harbi, ya san harsashin da ya kuskure mutum ba ya tsayawa sai ya sami wani abu. Wanda bai koya ba, ranar tsoro ko ranar fushi zai fara koyo, kuma a tsakiyar mutane.

A Tekzas ɗin nan, ba a ba sabon direba izni sai ya ci jarrabawar tuƙi, domin hanya ba tasa ba ce shi kaɗai. Kasuwa ma haka take. Awa shida a aji ba su raba kowa da bindigarsa ba, kuma rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.