Kafin Ka Kai Jirginka Ruwan Gishiri: Abin Da Mai Kiwon Kifi A Keji Ya Kamata Ya Sani



Kwanakin baya wani abokina ɗan Yawuri ya kira ni rai a ɓace. Shi da abokan haɗin gwiwarsa sun kafa kejin kifi a wajajen Badagiri, sai ya ga maimakon ya sayi sabon jirgi, gara ya ɗora na gidansu a mota ya kai can. Jirgin katako ne mai inji a baya, ya yi shekaru yana aiki a tafkin Kainji ba tare da matsala ba. Bai cika shekara a Legas ba inji ya fara zafi, notika suka ƙi kwancewa, ƙasan jirgin kuma ya fara shan ruwa. Ranar da ya kira ni, kwana biyu ke nan kifi bai ci abinci ba saboda babu abin da zai kai su wurin keji.

Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba sa lissafawa. A kiwon keji, jirgi ba kayan ado ba ne. Da shi kake kai abinci, da shi kake duba raga, da shi kake kwaso kifi ranar kasuwa. Ya tsaya, gona ta tsaya.

MENE NE BAMBANCIN RUWAN?

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Ruwan Kainji, Tiga ko Shiroro kuwa bai kai giram ɗaya ba. Tafkin Legas yana tsakiya: da damina koguna suna zubo masa ruwan daɗi, gishirin ya ragu sosai, da rani kuma ruwan teku ya shigo ya yi ƙarfi, musamman kusa da mashigar teku. Ɓangaren Epe ya fi sauƙin gishiri. Don haka kada ka ɗanɗana ruwa a watan Yuli ka ce ai babu komai. Dawo a watan Fabrairu ka sake ɗanɗanawa.

Gishiri yana kawo wa jirgi abokan gaba guda uku: cin ƙarfe, halittun da ke manne wa ƙasan jirgi, da tsutsar da ke huda katako.

1. ƘARFEN FANSA

Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da ruwan daɗi nesa ba kusa ba. Idan ƙarafa iri biyu suna haɗe da juna a cikinsa, misali jikin inji na alminiyom da sandar farfela ta sitenles, sai su zama kamar batir. Mai rauni a cikinsu, wato alminiyom, shi zai riƙa narkewa a hankali.

Maganin da masu ƙera inji suka yi shi ne wani ɗan guntun ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙafar inji, kusa da farfela. Sunansa anod, ni kuma ina kiransa ƙarfen fansa, domin shi ke cinyewa a madadin injinka. Iri uku ne, kuma a nan ake tafka kuskure:

Na maganiziyam na ruwan daɗi ne. Ka kai shi gishiri, nan da nan zai ƙare.
Na tutiya na ruwan gishiri ne. A ruwan daɗi wani ɓawo yake yi ya daina aiki.
Na alminiyom, wanda aka haɗa musamman don wannan aiki, yana yi a gishiri da kuma ruwa mai gauraye. Shi ya fi dacewa da wuri irin tafkin Legas.

Kada ka taɓa shafa masa fenti ko giris, ka kashe shi ke nan. Ya cinye rabi, canza shi. Idan kuma wata da watanni yana nan sabo fil, kada ka yi murna, alama ce ba ya aiki, injinka ne ke biyan bashin.

2. WANKE CIKIN INJI

Injin jirgi da ruwan da yake ciki yake sanyaya kansa. A Kainji ruwan daɗi yake zuƙa, a Legas ruwan gishiri. Da ka kashe shi, ruwan ya bushe, gishirin ya zauna a hanyoyin ruwa yana toshe su. Abin da ya sa injin abokina zafi ke nan.

Bayan aiki, a tsoma ƙafar inji a durom na ruwan daɗi har ya rufe ramukan da yake zuƙar ruwa, a tayar da shi ba a giya ba, ya yi minti 10 zuwa 15. Ka tabbata ruwan nan da yake tsartowa ta baya yana fita da ƙarfi. Kada a tayar da inji a busasshe ko na ɗan lokaci, robar famfon ruwan za ta ƙone. Idan jirgi zai kwana a ruwa, a ɗaga ƙafar injin sama. Notika da sandar farfela a shafa musu giris na ruwa tun kafin tafiya, kan batir da mahaɗar wayoyi ma haka.

3. GARAR RUWA

Mai jirgin katako, wannan naka ne. A ruwan gishiri akwai wata halitta mai kama da tsutsa, asalinta dangin kawa ce, tana shiga katako tun tana 'yar mitsitsiya ta wani rami kamar bakin allura, ta yi ta ci daga ciki. Daga waje katako lafiya lau, ciki kuwa kamar saƙar zuma. Aikin gara sak. Ba ta rayuwa a ruwan daɗi, shi ya sa maƙeran jiragenmu na Arewa ba su damu da ita ba.

Kafin jirgi ya taɓa gishiri, a fito da shi tudu, a kankare, a toshe duk wata kafa, a rufe ƙasan gaba ɗaya. Wasu kwalta suke shafawa, masu hali kuma su lulluɓe shi da faiba. Wuri ɗaya tak da ya goge ya ishe ta ƙofa. Ƙusoshin baƙin ƙarfe su ma ba sa daɗewa, a nemi masu rufin tutiya, ko sitenles lamba 316. Lamba 304 da ta cika kasuwa tana tsatsa a gishiri.

4. FENTIN ƘASAN JIRGI

Ko jirgin faiba ne, in yana kwana a ruwa, gansakuka da wasu halittu masu ɓawo mai kaifi za su manne masa. Jirgi ya yi nauyi, gudu ya ragu, mai ya ƙaru. Akwai fenti na musamman da ke hana su zama. Abu biyu za ka kiyaye. Na farko, yawancin irin wannan fenti yana da jan ƙarfe a ciki, kuma jan ƙarfe yana cin alminiyom, don haka kada ya taɓa jirgin alminiyom ko ƙafar inji, su akwai nasu daban. Na biyu, guba ce ke cikinsa. Kada ka kankare shi ko ka wanke buroshi kusa da keji. A yi aikin a tudu, a tattara dattin.

Tun da ana maganar kifi: jirgi, raga da bokitan da suka fito daga wani ruwa, a wanke su a shanya su bushe sosai kafin su kusanci sabon keji, kada ka ɗauko wa kifinka cuta da hannunka.

5. ƊAURIN JIRGI

A Yawuri ruwa yana hawa da sauka ne bisa lokacin shekara. A gaɓar teku kuwa sau biyu yake cika ya janye a kowace rana, a bakin tekun Legas bambancin yakan kai kusan mita ɗaya. Ka ɗaure jirgi tamau lokacin da ruwa ya cika, in ya janye ka tarar da shi a rataye ya karkace. Ka ɗaure lokacin da ya janye, in ya dawo ya danne bakin jirgi a ƙarƙashin gadar katako, ruwa ya shiga. A bar wa igiya sarari, a ɗaure gaba da baya.

Idan da anga za ka tsayar da shi, tsawon igiya ya ninka zurfin ruwa sau 5 zuwa 7, kuma da zurfin lokacin cika za ka yi lissafi. Ruwa mita 3, igiya mita 15 zuwa 21. A sa 'yar sarƙa tsakanin anga da igiya don ta kwantar da shi ya kama ƙasa. Igiyar nailan ta fi, tana miƙewa ta shanye fizgar igiyar ruwa. Waccan roba mai yawo a saman ruwa rana tana cinye ta, kuma tana naɗe farfela. Inda igiya ke gogar bakin jirgi a zura mata guntun tiyo. Sannan ka lura, ruwa yana juya jirgi ya zagaya anga, to ka ba shi tazara kada ya je ya yaga ragar keji.

Ruwan saman Legas ba irin namu ba ne, dare ɗaya ya isa ya cika buɗaɗɗen jirgi. A sa wanda zai riƙa kwashewa.

KAFIN KA ƊORA A MOTA

Zauna ka yi lissafi: kuɗin mota, anod, fenti, ƙusoshi, igiya da aikin kafinta. Ka kwatanta da farashin jirgin da aka ƙera a can don wannan ruwan. Sau da yawa abin da ya fi shi ne ka tafi da injinka kawai, ka bar jirgin a gida yana nema maka kuɗi. Ka kuma tuntuɓi hukumar NIWA, da LASWA in a Legas ne, game da rajista da inda aka yarda a kafa keji. Rigar kariya ta ruwa kuwa dole ce ga duk wanda zai hau, ko da ya iya iyo kamar tarwaɗa.

Abu na ƙarshe, ka nemi masuntan wurin ka gaishe su, ka yi tambaya. Sun san inda ruwa ke da ƙarfi da lokacin da iska ke tashi, kuma mai tambaya ba ya ɓata.

Abokina dai an ceto injinsa, amma sai da aka canza katako uku a ƙasan jirgin. Yanzu durom ɗin ruwan daɗi yana nan a bakin gaɓa, kullum yamma sai an wanke inji kafin kowa ya tafi gida.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, za mu amsa in sha Allahu. Allah ya sa albarka a nemanmu.