Matar Da Ta Gudo Daga Gidan Cuta: Abin Da Ke Kan Hakimi

A cikin birnin Katsina, in miji ya bugi matarsa, maƙwabta sukan ji, su shigo su raba. Amma a G.R.A. gidaje nesa suke da juna, ga katanga, ga ƙyauren ƙarfe. Sau da yawa ba mai sani sai ran da matar ta fito da kanta, watakila da dare, da goyo, danginta kuwa suna wani gari.

Wannan ba yaji ba ne da za a ce a jira biko. Gudun tsira da rai ne. Saboda haka:

1. A ba ta masauki a daren nan, wurin iyalin mai unguwa ko wani amintaccen dattijo. Kada a gaya wa mijin inda take.

2. Malamin hakimi ya rubuta rana da lokaci da maganarta, yadda ta faɗa.

3. In da rauni, a kai ta asibiti, a sanar da 'yan sanda.

4. Kada a mayar da ita sai alƙali ya bincika.

Wannan ba baƙon abu ba ne. A Mazhabar Malikiyya mace tana da ikon neman a raba aure saboda cutarwa, kamar yadda Muhtasar ya bayyana. Dokar Tarayya ta 2015 mai hana cin zarafi, wadda Jihar Katsina ta kafa irinta a 2023, ta sa dukan mata laifi ne.

Sulhu alheri ne, amma sai mai rai ake yi wa sulhu.