Kafin Ka Tofa Yawu a Kan Sushi

Sau uku ke nan cikin wata guda ana turo mini bidiyon nan a WhatsApp: ana tsaga tsokar kifi, wata farar tsutsa tana mutsu-mutsu, a ƙasa an rubuta wai abincin Japanawa ke nan, sushi, Allah ya raba mu da ƙazanta. Biyun farko na share ban tanka ba. Na ukun ɗan yayata ne ya turo, wanda ya kusa shekara yana karatu a Osaka, har da ƙarin bayani: "Kawu, ni fa taliya nake dafawa a ɗaki, ko ƙofar shagunan nan ba na bi." Raina ya ɓaci. Yaro ya ƙetare teku neman ilimi, amma labarin abincin maƙwabtansa sai an aiko masa daga gida, daga hannun waɗanda ko filin jirgin Tokyo ba su taɓa gani ba.

Sushi dai shinkafa ce da aka haɗa da ruwan khal, ɗan sukari da gishiri. Ɗanyen kifi zalla, babu shinkafa, sashimi sunansa. Iyakar ma'anar ke nan.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaton da ake yi cewa mutanen nan ganda ce ta hana su hura wuta, sai su kamo kifi su jefa baki. Alhali asalin sushi dabarar adana kifi ce, kamar yadda muke banda ko kilishi. A da can sai a cika kifi da gishiri, a binne shi cikin dafaffiyar shinkafa wata da watanni har ta yi tsami, a ci kifin, shinkafar kuwa galibi a zubar. Har gobe ana yin irinsa a kewayen Tafkin Biwa da ke jihar Shiga, ana ce masa funazushi. Yana da wari, babu musu, amma mai jefa daddawa a miya ba shi da bakin magana. Wanda duniya ta sani yau, ɗan curin shinkafa da yankan kifi a kai, a birnin Edo ya bayyana, wato Tokyo ta yanzu, wajen shekarun 1820, kuma wani mai suna Hanaya Yohei ake jingina wa shahararsa. Lokacin babu firji, don haka kusan babu kifin da ake ɗorawa ba a yi masa aiki ba. Tuna a jiƙa shi a shoyu, romon waken soya mai gishiri. Ƙaramin kifin kohada a sa masa gishiri da khal. Anago, mai kama da maciji, a dafa shi sai ya yi laushi. Jatan lande a tafasa. Ɗanyen salmon ma da yara ke rububinsa yanzu baƙo ne. Japanawa sun daɗe suna ƙin cinsa ɗanye saboda tsutsa, sai a shekarun 1980 'yan Norway suka dage da tallan nasu na kiwo har ya samu shiga. To, wa zai ce waɗannan ba su san tsutsa ba?

Shagon unguwar da na saba zuwa lokacin da na zauna a Japan, kujera takwas ce jere a gaban dogon teburin katako. Ka ɗaga ɗan labulen ƙofa, mai shagon ya yi maka maraba da ƙarfi, matarsa ta miƙo tawul mai ɗumi da koren shayi. Taisho ake kiransa, kamar mu ce maigida. Ƙyalle na kusa da hannunsa kullum, ya yanka ya goge wuƙa, ya yanka ya goge allo. Na taɓa zama na ƙirga abin da babu ɗanyen kifi a cikinsa: wainar ƙwai mai ɗan zaƙi, naɗin kokwamba, inari wanda shinkafa ce cikin aljihun soyayyen awara, dafaffen jatan lande, naɗin kanpyo da ake yi da busasshen yankan duma, da naɗin natto, waken soya mai yauƙi, ɗan uwan daddawarmu. Mutum zai ƙoshi ya tashi bai taɓa ɗanye ba.

Ita tsutsar fa gaskiya ce. Anisakis sunanta, tsawonta santimita 2 zuwa 3, ta fi yawa a saba, ɗan uwan kifin da muke kira titus. In ta shiga ciki da rai, ciwon ciki mai tsanani take sawa, kuma a Japan ma duk shekara ana kai mutane asibiti saboda ita. Shi ya sa ake gaggawar cire hanjin kifi, a duba tsokar da ido, ko a daskarar da ita. Ma'aikatar lafiyarsu ta ce sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na awa 24 yana kashe ta, haka zafin digiri 70. Khal, gishiri da yajinsu wasabi ba sa kashe ta, kowa ya ji wannan da kyau. Don nan haɗarin yake a gare mu: wata ta kalli bidiyo, ta sayo tarwaɗa ko karfasa a kasuwa, ta matsa lemun tsami ta ce ta yi sushi. Kifin kogi da na tafki yana ɗauke da nasa tsutsotsin, wasu a hanta suke zama shekara da shekaru. Don Allah a dafa shi.

Wanda ya samu kansa a Japan kuwa, kada ya tafi shagon sushi da turare mai ƙarfi, na san halinmu da shi. Wurin ƙarami ne, ƙamshinka zai danne ɗanɗanon abincin na kusa da kai. Ci da hannu ba laifi ba ne, kada ka wahalar da kanka da tsinken cin abinci. In za ka tsoma a shoyu, gefen kifin za ka tsoma kaɗan, in ka tsoma shinkafar wargajewa za ta yi. Loma ɗaya ake yi wa kowane curi, kuma da an ajiye a ci, ba a bar shi ana hira. Cittar da ke gefe ta wanke baki ce tsakanin kifi da kifi. Wasabi ba yajinmu ba ne, ta hanci yake hawa, in ba ka so ka faɗa tun farko. Batun halal, a mazhabar Malikiyya dabbobin teku halal ne, inda za a kula shi ne romo. Ana yawan sa giyar shinkafa, sake ko mirin, a romon da ake shafa wa anago da makamantansa, wani lokaci har a inari da wainar ƙwai. Ka tambayi taisho kai tsaye ya faɗa maka abin da babu, ba zai ji haushi ba. In ka ce omakase, ka sakar masa zaɓi ke nan, kuɗin na iya tsinka maka aljihu, gara ka tambayi farashi kafin ka zauna. Ka riƙe tsabar kuɗi, wasu ƙananan shaguna ba sa karɓar kati. Kada ka bar tukuici a tebur, biyo ka za a yi da shi har titi. Mai juna biyu da wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande su fara jin ta bakin likita.

Ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ya fara da shagon da faranti ke zagayawa a kan bel, irin wanda Yoshiaki Shiraishi ya fara buɗewa a Higashiosaka a 1958. Ka ɗauki abin da idonka ya yarda da shi, amma farantin da ka taɓa ba ya komawa kan bel. Can na tura ɗan yayata. Bayan mako biyu ya turo hoton faranti bakwai a jibge, biyar na kokwamba ne. Ya ce, "Kawu, ɗanyen dai sai wani jiƙon."