Jarin da ke tsiro a kan bashin mabuƙata: darasi daga rugujewar kamfanin Wonga

A tsakiyar shekarar 2013, ɗan wasan gaba na ƙungiyar Newcastle United, Papiss Cissé, Musulmi ɗan ƙasar Senegal, ya ƙi sanya sabuwar rigar ƙungiyarsa. Dalilinsa shi ne sunan da aka rubuta a ƙirjin rigar, wato Wonga, kamfanin da ya fi kowanne shahara a Birtaniya wajen ba da bashin gaggawa da kuɗin ruwa. Bayan an yi ta tattaunawa aka sasanta, ya koma fili sanye da rigar. Da yawa daga cikinmu masu bin gasar Firimiya mun ji labarin, muka wuce. Bayan shekara biyar kamfanin ya ruguje, masu jari a cikinsa suka tashi da asara.

Mun waiwayi wannan labari ne saboda irin kasuwancin da Wonga ya yi ya riga ya shigo wayoyinmu. Manhajojin ba da bashi sun yawaita a Najeriya, hukuma na ƙara matsa masu, su kuma suna neman masu zuba masu jari. Magidanci mai ɗan rarar kuɗi, ko ɗalibin da ya fara koyon sayen hannun jari ta waya, zai iya cin karo da tayin zuba kuɗi a irin wannan kamfani. Masana kasuwa suna tambaya ne ko sabuwar doka za ta rage abin da za a samu. Mu kuwa akwai tambayar da ta riga wannan: daga aljihun wa abin da za a raba mana yake fitowa?

A rubutun boko, ribar ciniki da ribar da Allah Ya haramta duk harafinsu ɗaya. Don gudun ruɗani, a nan za mu riƙa kiran ta haram ɗin da sunan kuɗin ruwa.

Yadda kasuwancin yake tafiya

An kafa Wonga a Landan a 2006. Tsarinsa mai sauƙi ne: mutum ya shiga shafin kamfanin a intanet, ya zaɓi adadin da yake so da kwanakin da zai biya, kuɗi su faɗa asusunsa cikin 'yan mintuna. Turawa suna kiran wannan bashin kafin albashi, domin ana sa ran mai karɓa zai biya da zarar wata ya ƙare. Adadin ba shi da yawa, kwanakin ma kaɗan ne, shi ya sa ƙarin da ake ɗorawa ba ya firgita mai karɓa a ranar farko. Amma da aka lissafa kuɗin ruwan Wonga bisa ma'aunin shekara, ya kai kashi 5,853 cikin ɗari. A 2012 ribar kamfanin ta haura fam miliyan ɗaya a kowane mako.

Wanda ya biya a kan lokaci ya tafi abinsa, ba shi ne babban abin dogaron irin wannan kasuwanci ba. Kuɗi masu kauri suna fitowa ne daga wanda wa'adi ya cika bai da abin biya, aka ɗaga masa lokaci aka ƙara masa nauyi, ko wanda ya ci sabon bashi don ya toshe tsoho. Duk wanda ya karanta tafsirin ayoyin kuɗin ruwa zai gane wannan siffa. Ita ce malamai suka bayyana a matsayin ta zamanin Jahiliyya: idan wa'adi ya yi, mai bin bashi ya ba wanda yake bi zaɓi, ko ya biya yanzu ko a ƙara masa lokaci a ƙara masa kuɗi. Na'ura ce kawai ta sauya.

Ranar da doka ta tsaya da ƙafarta

A watan Afrilun 2014, hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya, FCA, ta karɓi ragamar sa ido a kan masu ba jama'a bashi. Cikin watanni kaɗan abubuwa suka fara fitowa fili. A watan Yuni aka tilasta wa Wonga biyan diyyar fam miliyan 2.6 ga mutane kusan 45,000, saboda wasiƙun barazana da ya aika masu da sunan ofisoshin lauyoyin da babu su. A watan Oktoba ya amince da yafe bashin fam miliyan 220 da yake bin mutane 330,000, domin tun farko ba a bincika ko suna da halin biya ba.

Daga 2 ga Janairun 2015 aka kafa iyaka uku. Kuɗin ruwa da sauran caji ba za su wuce kashi 0.8 cikin ɗari a rana ba, tarar jinkiri ba za ta wuce fam 15 ba, kuma duk abin da za a ɗora wa mutum ba zai wuce adadin da ya ranta ba. Wato wanda ya karɓi fam 100 na kwana 30 ba za a ƙara masa fiye da fam 24 ba, kuma komai daɗewar bashin ba zai biya fiye da fam 200 ba.

Wannan iyaka ba ta hana kuɗin ruwa ba, rage shi kawai ta yi. Duk da haka kamfanin bai iya ɗauka ba. Ya yi asarar sama da fam miliyan 37 a 2014, ya yi ta kusan fam miliyan 80 a 2015. Tsofaffin abokan hulɗa suka yi ta shigar da ƙorafin neman diyya. A watan Agustan 2018 masu jari suka sake zuba fam miliyan 10 don ceto shi, amma kafin watan ya ƙare ya durƙushe. Waɗanda aka tabbatar an zalunta sun samu ƙasa da kashi biyar cikin ɗari na diyyar da ta kamace su. A shekara mai zuwa wani babban kamfanin irinsa, QuickQuid, ya bi sahu.

Abin lura a nan shi ne, doka ba ta ƙirƙiro wa kamfanin wani sabon aibi ba. Ta dai toshe ƙofofin da ribar take shigowa, sai aka ga cewa ba tare da su ba kasuwancin ba ya tsayuwa. Jarin da ba ya yin riba sai an bar shi ya matse mai rauni, tun asali a kan yashi aka gina shi.

Hannun da ke ciki ba tare da sani ba

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi shafar mu. A watan Yulin 2013, babban limamin Cocin Ingila, Justin Welby, ya bayyana aniyarsa ta ƙarfafa ƙungiyoyin ajiya da lamuni na al'umma har su kori Wonga daga kasuwa. Ba a jima ba wata jarida ta bankaɗo cewa asusun jarin cocin da kansa yana da kuɗi a Wonga, kimanin fam 75,000, waɗanda suka isa can ta hannun wani kamfanin juya jari. Welby ya amsa cewa abin ya ba shi kunya, kuma sai da aka ɗauki kusan shekara guda kafin cocin ya iya zare hannunsa.

Idan cibiyar da ke da kwamitin tantance jari za ta faɗa wannan rami, ina ga ɗayanmu da ya miƙa kuɗinsa ga wani asusu bai taɓa tambayar inda ake kai su ba? Ba lallai ne mutum ya sayi hannun jarin kamfanin bashi kai tsaye ba. Yana iya shiga ta asusun haɗaka, ko ta manhajar ajiya mai alƙawarin ƙayyadadden ƙari a kowane wata, ko ta ƙungiyar ma'aikata da ke juya kuɗin mambobinta.

A gida Najeriya

Abin da ya faru a Birtaniya ya fara maimaituwa a nan da salonsa. Mun san yadda wasu manhajoji ke kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, idan ya yi jinkiri su aika wa iyayensa da surukansa da abokan aikinsa saƙon tozarci. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tare da wasu hukumomi, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas. A watan Agustan shekarar ta fitar da tsarin rajista na wucin gadi. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke shagonsa damar shiga lambobi da hotunan wayar mutane. A 2025 kuma hukumar ta fitar da cikakkun ƙa'idoji, waɗanda suka tanadi tarar da za ta iya kaiwa naira miliyan 100 ko kashi ɗaya cikin ɗari na cinikin kamfani, da dakatar da daraktoci har tsawon shekara biyar.

Waɗannan matakai abin yabawa ne, domin suna rage zalunci. Sai dai kada mu haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Rajista da hukuma tana nuna kamfani ya bi dokar ƙasa, ba ta mayar da kuɗin ruwa halal.

Matsayin mai hannun jari

Wasunmu suna jin cewa tunda ba su ne suka miƙa bashin ba, ba ruwansu. Amma hannun jari mallakar wani yanki ne na kamfani, masu gudanar da shi kuma da sunan masu jari suke aiki. Ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara, daga ta 275 zuwa ta 280, sun raba tsakanin ciniki da kuɗin ruwa, sun kuma yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ƙi bari. Hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim ya haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu a cikin laifin. Idan marubuci bai tsira ba, wanda ya samar da jarin da ake rantarwa ya fi kusa da lamarin.

A zamansa na bakwai da aka yi a Jidda a 1992, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haramcin sayen hannun jari a kamfanin da asalin aikinsa haram ne, ta kuma kawo mu'amala da kuɗin ruwa a matsayin misali. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, a mizaninta na 21, ta yi rangwame ga kamfanin da ɗan abin haram ya gauraya da harkarsa, da sharaɗin kada ya wuce kashi biyar cikin ɗari na kuɗin shigarsa, kuma a fitar da shi. Amma rangwamen na kamfanin da asalin sana'arsa halal ce, kamar mai yin siminti ko sukari. Kamfanin da sana'arsa ita ce rantar da kuɗi da ƙari, tun a ƙofar farko ya faɗi.

Sauya suna ma ba ya sauya hukunci. Malamai sun yarda a karɓi ainihin kuɗin da aka kashe wajen hidimar bashi. Amma cajin da ke ƙaruwa gwargwadon yawan kuɗi da tsawon kwanaki, ko an kira shi kuɗin hidima ko na sarrafawa, kuɗin ruwa ne.

Wanda ya riga ya shiga

Ƙofar tuba a buɗe take, kuma aya ta 279 ta bar wa mai tuba uwar kuɗinsa. Abin da malamai da dama suka tafi a kai shi ne mutum ya fita da zarar ya samu dama, ya riƙe abin da ya zuba, ƙarin kuma ya fitar da shi zuwa ga mabuƙata ko ayyukan amfanin jama'a, da niyyar tsarkake dukiya. Tunda yarjejeniyoyi sun bambanta, ya kamata ya kai takardunsa ga malamin da ya san fiƙihun mu'amala.

Wanda bai shiga ba kuwa, kafin ya sa hannu ya nemi amsar tambaya uku a rubuce. Mene ne ainihin sana'ar da za a yi da kuɗina? An ƙayyade mani ƙari ko da an yi asara, ko kuwa riba da asara za mu raba? Akwai kwamitin malamai da ke sa ido, kuma su wane ne? Hanyoyin halal ba su yi ƙaranci kamar da ba. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, a shekarar ne kuma kasuwar hannun jari ta Najeriya ta samu jerin kamfanonin da aka tantance bisa Shari'a, Gwamnatin Tarayya kuma ta fara fitar da sukuk a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi.

Gurbin da ya rage a wuyanmu

Za mu yi wa kanmu ƙarya idan muka tsaya a kan haramci kawai. Wanda ya buɗe manhajar bashi da tsakar dare, galibi matarsa ce ke asibiti, ko an koro yaro saboda kuɗin makaranta. Rufe kamfani ba ya biya masa wannan buƙata, kuma da yawa sun je can ne bayan sun ƙwanƙwasa ƙofofinmu ba a buɗe ba.

Addininmu bai bar wannan gurbi ba. Ya kwaɗaitar da bashi mai kyau wanda babu ƙari a kansa, ya yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma sanya waɗanda bashi ya danne cikin rukunoni takwas na masu karɓar zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Muna da adashi tun kaka da kakanni. Masallacin unguwa, ko ƙungiyar ɗalibai, ko dangi guda, za su iya ware ɗan asusun rance, a rubuta a kafa shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta koyar, a kuma riƙe amanar biya domin na baya ya samu. Naira dubu ashirin da ta fito daga irin wannan asusu za ta iya tsare mutuncin gida guda.

Allah Ya tsarkake mana dukiyarmu, Ya wadatar da mu da halal, Ya yaye wa masu bashi ƙuncinsu.